Matambayi Ba Ya Ɓata: Lord Salisbury da Iyakar da ta Ratsa Ƙasar Hausa

A fitowar da ta gabata, sa'ad da nake amsa wata tambaya kan iyakar Birnin Ƙonni da Illela, na ambaci sunan Lord Salisbury a jimla ɗaya tak na wuce. Wannan jimla ce ta jawo wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata, daga Tawa da Yamai. Na zaɓi huɗu daga ciki, kuma na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya ta farko, daga wani malamin tarihi a Tawa: "Assalamu alaikum. Littattafan da muke karantarwa da su suna yawan kawo sunayen ministocin Faransa na zamanin rabon Afirka, amma idan an zo ɓangaren Ingila sai a ce Ingilishi sun yi kaza, ba suna. Wane ne wannan Salisbury, kuma ta wace hanya ya kai ga mulki?"

Wa alaikumus salam, Mushe, Allah ya saka maka da alheri kan hidimar ƴaƴanmu. Sunansa na yanka Robert Gascoyne-Cecil, Salisbury kuwa sunan sarautar gidansu ne, kamar yadda ake kiran mutum Galadima ko Marafa har a manta da sunan da aka raɗa masa. An haife shi ranar 3 ga Fabrairu 1830 a Hatfield, wani katafaren gida da ke arewa da Landan, wanda kakan kakanninsa ya gama ginawa a 1611. Gidan Cecil gidan wazirci ne tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda William Cecil ya yi wa hidima shekara arba'in.

Sai dai Robert ba shi ne magaji ba. A al'adar masu sarautar Ingila, babban ɗa namiji ne ke ɗauke sarauta da gida da gonaki gaba ɗaya, ba a raba su kamar yadda muke raba gado bisa shari'a, saboda haka ƙani yakan tashi da babban suna da ƙaramin aljihu. Ya sha wuya a hannun yara ƴan uwansa a makarantar Eton har aka cire shi yana ɗan shekara 15, ya yi karatu a Oxford, sannan aka tura shi Afirka ta Kudu da Ostareliya da New Zealand don ya samu lafiya. A 1853, yana da shekara 23, ya zama ɗan majalisa mai wakiltar garin Stamford, kujerar da take a tafin hannun wani danginsu mai sarauta, kuma a shekara goma sha biyar da ya yi yana riƙe da ita ba wanda ya taɓa tsayawa takara da shi. A 1857 ya auri Georgina Alderson, ɗiyar wani alƙali, ba da son mahaifinsa ba, uban kuma ya tsuke masa bakin aljihu. Da alƙalami ya ciyar da iyalinsa a waɗannan shekaru, yana rubuta wa mujallu sharhin siyasa mai zafi, kuma a nan ne aka san kaifin tunaninsa.

Ƙaddara ta juya a 1865 da yayansa ya rasu. A 1866 ya zama ministan harkokin Indiya, a daidai lokacin da yunwa ta faɗa wa lardin Orissa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, kuma daga baya shi da kansa ya amsa cewa ya yi wata biyu bai ɗauki mataki ba har damina ta rufe hanyar kai abinci. A watan Maris 1867 ya ajiye muƙaminsa don nuna fushinsa kan dokar faɗaɗa ƙuri'a da Benjamin Disraeli, jigo a jam'iyyarsa, ya kawo. A 1868 mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarauta da ƙasa kimanin hekta 8,000, ya bar majalisar wakilai ya koma majalisar masu sarauta, inda kujera gado ce a wancan zamani. Ya sake riƙe harkokin Indiya daga 1874, ya zama ministan harkokin waje a 1878 ƙarƙashin wannan Disraeli da ya taɓa yi wa tawaye, kuma bayan rasuwar Disraeli a 1881 ragamar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta dawo hannunsa sannu a hankali. Sau uku ya yi firaminista: daga Yuni 1885 zuwa farkon 1886, daga 1886 zuwa 1892, sannan daga 1895 zuwa Yuli 1902, jimilla shekara goma sha uku da ƴan watanni. Abin da ya kamata ka nanata wa ɗalibanka shi ne, a mafi yawan waɗannan shekaru ya haɗa firaminista da ministan harkokin waje a hannunsa, wato shi ne mai yanka shi ne mai rabo a daidai shekarun da aka yi wa Afirka rabon nama.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai: "Baba, an ce mutumin nan ba ya son a ba talakawa ƙuri'a. To ta yaya ya yi ta cin zaɓe?"

Ɗiyata, gaskiya ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A ganinsa, idan aka miƙa mulki ga masu yawa waɗanda ba su mallaki kome ba, za su yi amfani da haraji su ƙwace dukiyar tsirarun da suka mallaka. Wannan tunanin mai gona ne da ke kallon taron ƴan ƙwadago a bakin shingensa, kuma ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Amma mutum ne mai karɓar abin da ya riga ya faru ya nemi yadda zai ci moriyarsa. A 1884, da William Gladstone na jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi ya kawo dokar ba ma'aikatan karkara ƙuri'a, Salisbury ya tare ta a majalisar masu sarauta har sai da aka yarda a sake yanka mazaɓu. An yi wannan ciniki a gidansa na Landan, aka mayar da yawancin mazaɓu masu kujera ɗaya, abin da ya ware unguwannin ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis na gefen birane, waɗanda suke tsoron sauyi kamar yadda yake tsoro, suka zama rumbun ƙuri'unsa.

Sannan sai abokan hamayyarsa suka dare gida biyu. A 1886 Gladstone ya nemi a ba Ayalan majalisarta ta cikin gida, wani ɓangare na jam'iyyarsa ƙarƙashin Lord Hartington da Joseph Chamberlain ya balle, Salisbury kuma ya rungume su da haƙuri har suka shiga gwamnatinsa a 1895. Da wannan ƙawance ya ci zaɓukan 1886 da 1895 da 1900. A 1893, yana adawa, ya ja majalisar masu sarauta ta kayar da dokar Ayalan ta biyu da ƙuri'a 419 a kan 41. Bai kuma hana talakawa ganin wani abu a ƙasa ba, domin a zamaninsa aka kafa zaɓaɓɓun majalisun gundumomi a 1888, aka soke kuɗin makarantar firamare a 1891, aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a 1897. Ƴan uwansa masu gonaki ma bai manta da su ba: alkamar Amurka mai araha ta karya farashi tun ƙarshen shekarun 1870, kuɗin hayar gona ya faɗi, sai gwamnatinsa ta rage rabin harajin ƙasar noma a 1896.

Tambaya ta uku, daga wani Alhaji mai fataucin albasa a Tawa: "Malam, shekara talatin ina kai albasar Galmi Najeriya. Mahaifiyata ƴar Gwadabawa ce, mahaifina mutumin Adar. Duk sa'ad da na iso Ƙonni sai an sauke ni an duba takardu kafin in taka Illela, ga tafiyar da ba ta kai ta tsakanin kasuwa da gona ba. Ka gaya mini ƙarara: wannan Bature ne ya raba ni da kawunnaina?"

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Amsar ita ce shi ya fara yankan, amma wurin da wuƙar ta tsaya a ƙarshe ba nan ya ɗora ta ba. Dole in bi da kai daki-daki, domin iyakar nan sau uku ana motsa ta.

A watan Yuli 1890 Salisbury ya yi musaya da Jamus, ya ba ta ɗan tsibirin Heligoland da ke tekun arewacin Turai, Jamus kuma ta sakar wa Ingila Zanzibar. Faransa ta ce ba ta yarda ba, saboda akwai tsohuwar yarjejeniya tsakaninta da Ingila kan ƴancin Zanzibar. Don a rufe mata baki aka sa hannu kan wata takarda ranar 5 ga Agusta 1890, wadda ta amince wa Faransa da Madagaska, ta kuma ba ta duk abin da ke kudu da Aljeriya har zuwa wani layi da zai tashi daga Say a bakin kogin Kwara, nan kudu da Yamai, ya ƙare a Barruwa a gaɓar tafkin Chadi. Aka ƙara sharaɗi ɗaya, cewa a ja layin ta yadda duk abin da yake na daular Sakkwato bisa adalci zai faɗa ɓangaren kamfanin Ingila na Neja, wanda George Goldie ke jagoranta. Ka ga ke nan ƙasarmu cikon ciniki ce a kan wani tsibiri na gabashin Afirka, kuma ba Sarkin Musulmi, ba Sarkin Damagaram, ba Sarkin Adar, ba wanda aka aika wa ko da manzo.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da ake sukarsa a majalisa cewa ya ba Faransa ƙasa mai faɗi, sai ya kare kansa da harshen mai gona. Ya ce ƙasar da ya bayar irin wadda manoma ke kira ƙasa marar nauyi ce, wato hamadar Sahara, har jakadan Faransa a Landan ya nuna masa ɓacin ransa. A wani jawabi na wannan wata kuma ya faɗa da bakinsa cewa sun yi ta jan layuka a taswirar wuraren da ƙafar Bature ba ta taɓa takawa ba, suna yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ke ɗan kawo musu cikas shi ne ba su san takamaimai inda waɗannan duwatsu da koguna suke ba. Masu sauraro raha suka ɗauke ta. Ni kuwa duk lokacin da na tuna wannan magana sai raina ya ɓaci, saboda mutumin ya san sarai abin da yake yi. Ya auna ƙasar Adar da Arewa da Damargu da mudun da yake auna gonakin Hatfield, wato me za ta bayar a shekara, bai kuma lissafa mutanen da ke cikinta a ma'aunin ba. Damuwarsa ita ce kada Ingila da Faransa su gwabza yaƙi, kuma ya fi ƙaunar ya saye zaman lafiyar Turai da ƙasar wasu.

Sharaɗin nan na Sakkwato shi ya zama tushen rigima, domin ba wanda ya san inda daular ta tsaya a cikin masu sa hannun. Kamfanin Goldie yana kumbura faɗinta gwargwadon buƙatarsa. Hafsan Faransa Monteil, wanda ya bi ta Say da Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1890 da 1892, ya koma gida da labarin cewa ikon kamfanin a arewa a takarda kawai yake. Kai ma ka sani, Alhaji, Maraɗi da Tibiri garuruwan Katsinawa da Gobirawa ne waɗanda suka ƙi bin Sakkwato suka shekara da shekaru suna yaƙi da ita, Damagaram kuwa Barno take kallo.

Aka sake zama, bayan sojojin ƙasashen biyu sun yi ta harare-harare a Bargu. Ranar 14 ga Yuni 1898, Salisbury yana kan mulki karo na uku, aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya a Paris. A wannan karon sai aka kafa tsinin abin zana da'ira a kan birnin Sakkwato, aka buɗe shi mil 100, wato kilomita 160, aka shata baka ta arewa. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Bisa wannan shaci Birnin Ƙonni ta Ingila ce, haka Maraɗi da Tibiri bisa ci gaban layin ta gabas, Tawa kuma ta faɗa waje, a hannun Faransa. Da layin Salisbury ya tsaya yadda ya bar shi, da albasar Galmi ba ta tsallaka wata iyaka kafin ta isa Gwadabawa, shingen da yana tsakaninka da Galmi ne, a kan hanyarka ta fitowa daga Tawa.

Ruwa ne ya rushe wannan layi. Faransa tana buƙatar hanya daga kogi zuwa Damagaram da Chadi, bakan kuma ya tura ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi suke nesa da juna kuma suke da zurfi. Na taɓa tsayawa a bakin wata rijiya a wannan yanki cikin bazara, ina kallon yaro yana kora raƙumi da igiyar wasaki ɗaure a jikinsa. Raƙumin ya yi ta tafiya har na daina jin muryar yaron kafin wasakin ya leƙo bakin rijiya, ga garken shanu a tsaye suna jira a gefen kwami, ga mata da tuluna sun yi layi tun asuba. Rijiya irin wannan ba ta shayar da ayarin soja mai ɗaruruwan mutane da dabbobi. Shi ya sa ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899 ya kutsa cikin yankin da takarda ta ba Ingila, ya auka wa Lugu, garin Sarauniya, a watan Afrilu, ya ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu tare da kisan da har yau ba a manta da shi ba. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi da waɗanda suka aiko su, amma shacin da aka yi ba tare da sanin inda ruwa yake ba yana cikin abin da ya bi da su ta wannan hanya.

Faransa ta yi ta neman gyara, ba ta samu ba sai bayan Salisbury ya sauka. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, zamanin firaminista Arthur Balfour da ministansa Lord Lansdowne, Faransa ta haƙura da tsohon haƙƙinta na shanya kifi a gaɓar Newfoundland, can kusa da Kanada, Ingila kuma ta biya ta da wasu tsibirai daura da Konakiri, da wani yanki a Gambiya, da tura iyakarmu kudu don a samu hanya mai ruwa. Aka ƙara tantance layin a watan Mayu 1906, sannan kwamitin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ya bi ƙasa yana kafa turaku. Ta haka Ƙonni da Maraɗi suka dawo ɓangaren Faransa, shingen da ake sauke ka a kansa kuma ya sauka tsakanin Ƙonni da Illela. Saboda haka idan jikokinka suka tambaye ka, ka gaya musu Salisbury ne ya kafa ƙa'idar cewa za a raba ƙasar Hausa tsakanin Say da Chadi, magadansa kuma suka musanya garin kakanninsu da kifin wani teku da ba mu taɓa gani ba.

Tambaya ta huɗu, daga wani matashi ma'aikacin gidan rediyo a Yamai: "Shi ne ya wakilci Ingila a taron Barlin da aka raba Afirka? Kuma shi ya ci Kano da Sakkwato?"

Ƙanena, taron Barlin biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Wanda Salisbury ya halarta shi ne na 1878, tare da Disraeli, kan rikicin Rasha da daular Usmaniyya ta Turkiyya, a shekarar da Ingila ta karɓi tsibirin Kubrus. Na Afirka kuwa an yi shi ne daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, lokacin Gladstone ke mulki, Salisbury yana adawa. Taron na Afirka ƙa'idoji ya shimfiɗa, ainihin yankan kuwa a yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa aka yi shi daga baya, kuma yawancin na Ingila a teburinsa suka bi. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata a rikicin Fashoda, can ƙasar Sudan, na 1898 har Faransa ta janye daga kogin Nilu. A watan Mayu na wannan shekara ya yi jawabin da ya kasa al'ummomin duniya gida biyu, rayayyu da masu mutuwa, ya ce rayayyun za su ci gaba da cin ƙasar masu mutuwar. Ka riƙe wannan jawabi idan kana shirya wa masu sauraro shiri a kansa, domin ya fi kowace takarda bayyana yadda yake kallonmu.

Game da Kano da Sakkwato, gwamnatinsa ce ta share fage. A ƙarƙashinta aka kafa rundunar sojan iyakar Afirka ta Yamma a 1897, aka karɓe ikon mulki daga kamfanin Goldie ranar 1 ga Janairu 1900 bayan an biya shi fam 865,000, aka naɗa Frederick Lugard babban kwamishinan Arewacin Najeriya. Amma a lokacin tsufa ya cim masa, matarsa ta rasu a 1899, yaƙin Afirka ta Kudu ya cinye hankalin gwamnati, ya saki ma'aikatar harkokin waje a 1900. Ya yi murabus a watan Yuli 1902, ya miƙa wa Balfour, ɗan ƴar uwarsa, kuma tun daga kansa ba a ƙara samun firaministan da ya ja gwamnati har ƙarshenta daga majalisar masu sarauta ba. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli. Salisbury ya rasu a gidansa na Hatfield ranar 22 ga Agusta 1903, kwana 26 bayan Burmi.